Bijimi Kafin Dashe: Nazarin Wani Garken Shanun Nama a Yankin Dadin Kowa

Garken da wannan nazari ya shafa yana cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba ta jihar Gombe, ba nisa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Mai shi ɗan kasuwar hatsi ne da ke zaune a cikin garin Gombe, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai, kuma ya fara tara shanun ne a matsayin ajiyar dukiya kafin daga baya ya ƙudurta mayar da su sana'ar samar da shanun nama. Lokacin da ni da abokin aikina likitan dabbobi muka fara zuwa gonar, jim kaɗan bayan ɗaukewar ruwan sama, mun ƙirga kai 126, cikinsu akwai shanu mata 58 da suka isa haihuwa da bijimai 3, sauran kuwa maruƙa ne da 'yan karsana da samarin bijimai masu tasowa. Mafi yawansu farare ne, wato Bunaji, sai Bokolo kaɗan da waɗanda suka haɗa jinin biyun. Mai kula da su wani dattijon Bafulatani ne da kowa a gonar, har shi Alhaji, ke kira Baffa, yana aikin tare da 'ya'yansa biyu.

Ba maganar bijimi ce ta sa Alhaji ya neme mu ba. Ya kalli hotunan bidiyo a wayarsa na wasu gonaki a Burazil da Afirka ta Kudu, inda ake ɗebo tayi daga saniya guda ta gari a dasa wa wasu shanun su haife mata, sai ya so a shigo masa da daskararren tayin shanun waje a dasa wa fararensa, domin cikin shekara guda ya ga garken ya sauya kama. Kafin mu ce uffan a kan wannan, sai muka tambaye shi maruƙa nawa aka samu a shekaru biyun da suka wuce. Babu littafi, babu takarda, amma Baffa ya zauna ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu mata, suka kama 41. Ke nan shanu 58 suna ba da maruƙa 20 ko makamancin haka a shekara, wato da ƙyar saniya ɗaya cikin uku take haihuwa. Garken da haihuwarsa ta tsaya a haka yana da wata cuta a ɓoye, kuma duk tayin da aka sayo da tsada aka zuba a cikinsa asara zai zama. Alhaji bai ji daɗin jinkirin ba, amma ya amince a fara da binciken abin da ke hannu.

Abin da aka samu a jikin bijimai

Bijimin da Alhaji ya fi alfahari da shi wani ƙaton Bokolo ne mai kimanin shekara 5, wanda ya sayo a karar Potiskum ana gab da Babbar Sallah da kuɗi masu yawa. Duk wanda ya gan shi sai ya tsaya: tozo ya cika, ƙirji ya buɗe, baya ya shimfiɗe. Sai dai san da aka kai kara a irin wannan lokaci, yawanci san turke ne da aka yi wata uku ko huɗu ana ɗura masa dusa da harawa da tunkuzar auduga domin mai layya ko mahauci, kuma abin da dillali ke tallatawa a jikinsa kitse ne da girman ido, ba ƙarfin barbara ba. Babu wanda ya san uwarsa, balle a san sau nawa ta haihu, ko shi kansa an taɓa ganin ɗansa. Sayen bijimin iri a haka cinikin biri a sama ne, kuma na sha ganin sa a gonakin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga Kumo har Bajoga.

Gwajin lafiyar bijimi ba abu ne mai wuya ba, kuma ba ya cin kuɗin da ya kai na buhunan abincin da bijimin zai cinye a wata guda. Ana duba idanu da haƙora, a sa shi ya yi tafiya a ga ƙafafun baya da kofato, tun da a kansu yake ɗora nauyinsa duka in zai hau saniya. Ana duba fatar mazakutarsa, wadda a jinin Bokolo takan yi tsawo ta yi reto, har ƙaya ko kututture su ji mata rauni a daji. Daga nan a taɓa maraina a ji ko sun yi daidai da juna kuma suna da tauri irin na lafiyayyen nama, a zagaya su da tef ɗin awo a inda suka fi faɗi, sannan a ɗebi maniyyi a duba a madubin likita. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka fi bi ita ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin maniyyin su kasance suna tafiya gaba sosai, kuma aƙalla kashi 70 cikin 100 su kasance da cikakkiyar sura. A shanun Turai ana son kewayen maraina ya kai santimita 34 in bijimi ya wuce shekara 2. Shanunmu masu tozo suna jinkirin balaga, don haka ana yi musu rangwame a ƙuruciya, amma babu rangwame ga bijimi ɗan shekara 5.

Na wannan Bokolo santimita 28 ne, ɗaya daga cikin marainan ya yi laushi, kuma yawancin ƙwayoyin maniyyinsa suna kwance ko suna juyawa a wuri guda. Ba mu yanke masa hukunci nan take ba, saboda jikin bijimi yana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya kammala haɗa sabon maniyyi, kuma zazzaɓi ko tsananin zafi ko kitsen da ya taru a wuyan jakar maraina duk suna iya lalata shi na ɗan lokaci. Akwai kuma maganar auduga: angurya da tunkuzarta suna ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol da ke raunana maniyyi in ya yi yawa a abinci, kuma a Gombe, ƙasar da ta daɗe da noman auduga, shi ne abincin ƙiba da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. Aka cire masa tunkuza, aka rage masa dusa, aka sake gwaji bayan wata biyu. Canjin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi muni shi ne, wannan bijimi da ba ya iya ba da ciki shi ne sarkin garken. Baffa ya tabbatar mana cewa duk saniyar da ta nemi sa, shi ke tsare ta yini da kwana, ya kori sauran biyun da ƙarfin tuwo, sai ta dawo neman sa bayan kwana 21, a sake maimaitawa. Baffa ya daɗe da lura da haka, amma nauyin faɗa wa maigida cewa san da ya kashe wa dukiya fanko ne ya sa ya yi shiru. Bijimi na biyu, wani tsohon fari, lafiyar maniyyinsa ƙalau, sai dai ya shekara 6 a garken, har ya kai yana hawan 'ya'yansa, kuma maruƙan da aka samu ta wannan hanya su ne mafi ƙanƙanta da yawan laulayi. Na ukun yaro ne da bai gama balaga ba.

A lokaci guda aka ɗebi jinin dukkan manyan shanun domin gwajin bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, ta sa mabiyiya ta maƙale, ta kumbura wa wasu gwiwa, ta kuma kama mutum ta hanyar ɗanyen nono ko taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara. Waɗanda gwajin farko ya nuna suna da ita an tura jininsu Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom domin tabbatarwa, aka tabbatar da 7. Su da Bokolon da tsohon farin duk aka sayar wa mahauta, ba a mayar da su kara inda wani makiyayi zai saya ya kai garkensa ba, kuma wannan ladabi ne da ya kamata a yaba wa Alhaji a kansa, domin kuɗin da ya samu bai kai wanda dillalai suka taya ba. Sauran shanun aka yi musu rigakafin ciwon huhu da harbin daji, aka ba su maganin ciwon hanta, cutar da ba ta rabuwa da shanun da ke kiwo a fadamun bakin dam.

Yadda aka zaɓi sababbi

A nan ne aikin ya fi daɗewa, kuma a nan ne ilimin Baffa ya fi namu amfani. Bafulatani yana bin asalin saniya ta wajen uwa: ya san wace ce ta haifi wace, wace ce ba ta tsallake shekara, wace ce ke riƙe jikinta har ƙarshen bazara, wace ce nononta ke isar ɗanta har a tatsi saura. Abin da ba shi da shi sikeli ne da takarda. Muka sa wa kowace dabba lambar kunne, muka buɗe littafi, muka zauna da shi kwana uku yana faɗa ana rubutawa, sannan Alhaji ya sayo sikelin awon dabbobi aka kafa a bakin shinge. Daga ranar duk maraƙin da aka haifa ana auna shi a ranar haihuwa, a sake aunawa a wajen wata 7, a kuma aunawa in ya cika shekara. Dalilin tsayar da lokaci guda shi ne, ba a gwada maraƙin da aka haifa a Yuni da wanda aka haifa a Janairu a ce na farkon ya fi iri mai kyau, alhali ciyawa ce ta bambanta su.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma maganar tana da gaskiya a kiwo, amma ba kowane hali ne ake gado daidai wa daida ba. Saurin girma da surar jiki da girman maraina ana gadonsu gwargwado mai kyau, don haka zaɓe a kansu yana nuna sakamako da wuri. Yawan haihuwa kuwa abinci da lafiya sun fi rinjaye a kansa, shi ya sa ba a dogara da haihuwa ɗaya ko biyu, sai an ga saniya ta jera shekaru tana yi a cikin wahalar da ta kayar da 'yan uwanta. Muka tsayar da cewa ba za a ɗauki saurayin bijimi ba sai uwarsa ta haihu aƙalla sau 4 ba tare da doguwar tazara ba, shi kuma ya fi sa'o'insa nauyi, ƙafafunsa a miƙe, ba mai faɗa ba, kuma ya ci gwajin maniyyi. Maganar faɗa ba ƙarama ba ce a garken nama, domin sa mai tsoro ko mai tunkuyi ba ya ƙiba da kyau a turke, kuma yakan raunata masu kula da shi.

Cikin samari 14 da ke garken, guda ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da dangantaka ta kusa da yawancin shanun ba. Sauran aka fiɗiye su aka ware domin turke. Aka nemo biyu daga waje: wani fari daga rugar wani aminin Baffa a wajen Dukku, wanda aka ga uwarsa da 'yan uwansa mata da ido, da wani Bokolo matsakaici daga wata gona mai ajiye bayanai. An gwada su kafin a biya kuɗi, aka kuma killace su kwana 30 kafin su shiga cikin shanu. An raba garken gida uku a lokacin barbara, kowane bijimi da nasa rukunin da bai kai shanu 20 ba, ƙasa da 25 zuwa 30 da ake ba cikakken bijimi, saboda biyu daga cikinsu ba su gama ƙosawa ba.

Alhaji ya tambayi dalilin da ya sa ba za a kawo Simental ko wani jinin Turai kai tsaye ba. Amsar da muka ba shi ita ce, shanunsa suna tafiyar kilomitoci zuwa kiwo, suna fama da kaska da kirci da damina, suna shan zafin da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, kuma har yanzu ba shi da rumbun ciyawa da zai riƙe dabba mai cin da ya ninka na fari. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana aiki a kan haɗa Bunaji da shanun waje, kuma abin da kowa ya sani daga irin wannan aiki shi ne, ruwa-biyun yana biya ne a inda abinci da magani suka wadata. Ban hana shi jinin waje har abada ba, na dai ce tsani ake bi.

Dashen farko

Duk da haka zuciyarsa na kan dashe, kuma da yake dukiyarsa ce, muka yarda a kan sharaɗin cewa daga shanunsa za a ɗebi tayin. Fasahar kanta tsohuwa ce. Walter Heape ya fara gwada ta a kan zomaye a Ingila a 1890, aka haifi maraƙi na farko ta wannan hanya a Amurka a 1951, daga shekarun 1970 kuma ta zama sana'a, har Burazil ta yi amfani da ita sosai wajen yaɗa shanunta masu tozo irin Nelore. Saniya a ɗabi'arta ƙwai ɗaya take saki a kowane zagaye. Sai a yi wa wadda aka zaɓa, wadda muke kira uwar iri, allurar sinadarin da ke sa gidan ƙwai ya nunar da ƙwai da yawa a tare, safe da yamma har kwana 4, a yi mata barbara in ta nemi sa, bayan kwana 7 kuma a zura siririn bututu a wanko mahaifarta da wani ruwa na musamman, a tace ruwan, a nemo tayin a madubin likita, tun da a lokacin bai kai ƙwayar yashi ba. Waɗanda suka yi kyau a dasa su a mahaifar wasu shanun, uwayen goyo, waɗanda dole ne zagayensu ya yi daidai da na uwar iri, kada saɓanin ya wuce kwana guda. A ƙasashen da aikin ya zauna da gindinsa, matsakaicin abin da ake samu tayi 5 zuwa 6 ne masu kyau a wanki guda, kuma fiye da rabi kaɗan na ɗanyen tayi ne ke zama ciki; daskararre yakan gaza haka.

An zaɓi uwayen iri 4, dukkansu daga cikin waɗanda Baffa ya shaida kuma littafi ya gaskata. Kuskuren da aka yi, wanda ni ma ina da hannu a ciki domin ban dage yadda ya kamata ba, shi ne lokacin. Ƙwararren da zai yi wankin daga nesa zai zo, kuma a watan Afrilu kaɗai ya samu sarari, Alhaji kuma ya ƙagu. Afrilu a Gombe shi ne ƙarshen wahala: kiwo ya ƙare, harawa ta yi tsada, shanu sun zube, rana kuma tana dukan ƙasa tun hantsi. Tayi a kwanakinsa na farko ba ya jure zafin jikin uwa in ya hau, saniya ramammiya kuma jikinta ba ya karɓar ciki, domin abin da take ci bai ishe ta ita kaɗai ba. Shanunmu masu tozo dama neman sansu gajere ne, sau da yawa cikin dare yake zuwa ya wuce, a bazara kuwa wasu ko alama ba sa nunawa. Sannan, domin a faranta wa Alhaji, an yi wa uwayen irin barbarar hannu da daskararren maniyyin Brahman, wani jinin shanun waje masu tozo, da aka sayo daga wani mai sayarwa, wanda daga baya muka gane tukunyar da ya ajiye shi ta taɓa yin ƙarancin ruwan nitrojin. Maniyyi da tayi a wannan ruwa suke zama, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma in ruwan ya ja baya suka ɗumama ko sau ɗaya, sake cika tukunyar ba ya dawo da abin da ya mutu.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba in ban da Alhaji. Ɗaya daga cikin huɗun ba ta amsa allurar ba sam. Daga sauran ukun aka wanko 17, amma 10 ƙwai ne da maniyyi bai shige su ba ko tayin da ya lalace, 7 kaɗai aka dasa. Na'urar hoton ciki ta nuna 2 sun kama bayan wata guda, ɗaya ya zube kafin wata na uku, ɗaya aka haifa a ƙarshen Janairu, cikin hunturu, lokacin da uwar goyonsa ba ta da korayen da za ta ci ta yi nono.

Dashe na biyu

Abin da ya sa na ga wannan lamari ya cancanci rubutawa shi ne, Alhaji bai yi fushi ya watsar ba, bai kuma ɗora wa Baffa laifi ba, sai ya tambayi abin da za a gyara. Aka tsayar da tsakiyar Satumba. A lokacin shanu sun yi wata uku suna cin ɗanyar ciyawa, jikinsu ya murje, zafi ya sauka, kuma cikin da aka dasa a lokacin zai faɗo a ƙarshen Yuni, daidai sa'ad da sabuwar ciyawa ta tsaya. Tun farkon damina aka ware shanu 20 domin goyo, kuma ba a yi abin da mutane da yawa ke yi ba na tattara rakiyar garke, wato tsofaffi da juyoyi, a ce su ne za su ɗauki tayi. An zaɓi waɗanda suka haihu sau ɗaya ko biyu ba tare da matsala ba, suka yi fiye da wata biyu da haihuwa, masu nono, masu sanyin hali, aka ƙara musu dusa da kanwa da gishirin lasa, aka raba su da bijimai. An gina matsattsen wurin tsayar da saniya na ƙarfe a ƙarƙashin rumfa, domin a karon farko da igiya aka kayar da wasu, kuma firgita a ranar dashe tana rage kamun ciki.

Uwayen iri 3 aka yi amfani da su, aka bar wadda ba ta amsa ba. A maimakon maniyyin da ba a san tarihinsa ba, sai aka haɗa kowace da bijimin da aka gwada a gonar, biyu da farin Dukku, ɗaya da sabon Bokolon. 'Ya'yan Baffa suka yi kwanan zaune bi da bi suna rubuta sa'ar da kowace uwar goyo ta tsaya wa 'yar uwarta ta hau ta, wanda shi ne alamar da ba ta ƙarya. A ranar wanki aka samu tayi 16 masu kyau. Cikin shanu 20 da aka shirya, 13 ne likita ya amince da su bayan ya taɓa ya ji ɗan kumburin da ke fitowa a kan gidan ƙwai bayan ƙwai ya fita, wanda shi ke fitar da sinadarin riƙe ciki, kuma a reshen mahaifar da ke gefen wannan kumburi ake ajiye tayin. Ragowar 3 aka daskarar. Ciki 7 ya kama, aka haifi 7, ɗaya ya mutu da gudawa a sati na biyu, aka yaye 6: maza 3, mata 3.

A wannan shekarar dai, shanun da aka bar wa sababbin bijimai, tare da uwayen goyon da ba su kama ba aka mayar musu, sun ba da maruƙa 29. In aka haɗa da na dashe, garken da ya saba ba da 20 daga shanu 58 ya ba da fiye da 30 daga shanu 51. A ganina wannan shi ne adadin da ya fi kowanne muhimmanci a cikin nazarin, domin yawancin ƙarin daga gwajin bijimi da fitar da masu bakkale da gyaran abinci ya zo, kuma kuɗin waɗannan duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da dashe biyun suka ci ba. Dashen, in aka haɗa allurai da kuɗin ƙwararre da sufurinsa da nitrojin da abincin uwayen goyo, ya lashe abin da ya kai kuɗin shanun turke 6. In don a sayar wa mahauci ne, maruƙa 7 ba za su taɓa mayar da wannan ba. Inda dashen ya yi rana shi ne, saniyar da ta fi kowace a garken, wadda ta kai shekara 10 kuma ba a sa ran za ta ƙara haihuwa fiye da biyu ko uku, yanzu tana da 'ya'ya 4 a shekara guda, kuma daga cikinsu ne gonar za ta fitar da bijiminta na gaba da ta san asalinsa ta uwa da uba.

Akwai abubuwan da suka taso waɗanda ba mu hango ba. Na farko, Baffa ya ci gaba da kiran kowane maraƙin dashe da sunan gidan saniyar da ta haife shi ta shayar da shi, kamar yadda ya gada, kuma da ba don lambar kunne da littafi ba, da cikin shekara biyu asalin ya rikice, a wayi gari an haɗa wa da ƙanwa. Aka daidaita a kan cewa ya kira su yadda ya so, amma littafi ne ke raba gardama a ranar barbara. Na biyu, nauyin maraƙin dashe a lokacin yaye yana nuna nonon uwar goyo ne fiye da jinin uwar iri, don haka ba za a yi zaɓe a kansa ba sai an ga awon shekara guda da na wata 18. Na uku, biyu daga cikin mazan uwa ɗaya uba ɗaya ne, kuma in aka riƙe su duka za a koma gidan jiya na tsohon farin da ke hawan 'ya'yansa, saboda haka ɗaya kaɗai zai zauna.

Sai maganar maƙwabta. Da labarin farin Dukku ya bazu, makiyayan kewaye suka fara kawo shanunsu neman barbara. Alhaji ya ƙi karɓar ko sisi, yana kafa hujja da hadisin da ya hana cin kuɗin barbarar namijin dabba, kuma bai so ya mayar da kowa hannu rabbana ba. Mu kuma damuwarmu ita ce cututtukan da bijimi ke kwasowa daga saniya ya kai wa wata, da kuma bakkalen da aka sha wahalar fitarwa. Mafitar da aka samu ita ce a ware saurayin bijimin gida, wanda dama danginsa sun fara yawa a garken, a ajiye shi a wani shinge dabam a bakin gona domin shanun maƙwabta kaɗai, ba zai sake komawa cikin garken ba.

Tayi 3 da aka daskarar suna nan a tukunya a cikin garin Gombe, ana auna ruwanta da sanda duk sati, kuma samun nitrojin a kan kari shi ne abin da ya fi ba mu wahala har yanzu. Alhaji ya so a yi wanki na uku a Satumba mai zuwa, amma mun shawarce shi da a dasa waɗannan ukun kaɗai, a dakatar da sabon wanki har sai mazan dashe sun cika shekara 2 an auna marainansu an duba maniyyinsu, matan kuma an ga shekarun da za su yi cikin fari. Ya amince, ya kuma karkatar da kuɗin zuwa shuka waken dabbobi na lablab da gamba a kadada 5 ta gefen rafi da gina rumbun harawa, wanda aka fara aza harsashinsa a watan da ya wuce.